Ƙyaure a Kan Áth na Bó

Shekara arba'in da shida ina ƙetare kogin nan a wuri ɗaya, kowace Lahadi, in je kabarin uwata, daga baya kuma na mijina. Áth na Bó muke kiran wurin, wato mashigin saniya, inda ruwa bai wuce ƙwauri ba. Sai ga Tadhg, ɗan ƙanen mijina, ya sayi gonar tsallaken, ya kafa ƙyauren ƙarfe a bakin mashigin ya ɗaura kwaɗo. Wai in zagaya ta gada. Mil huɗu, da wannan gwiwar tawa.

Na same shi yana ba tumaki ciyawa. Na tuna masa ni na goye shi a ruwan nan ranar da ya yi zawo a wando yana kuka.

Ya ce, "Inna Gobnait, yanzu ƙasar tawa ce. In kina son zuwa kabarin Baffa, in kai ki da mota."

"Motarka ta kai ka inda uwarka ta rasa tarbiyyarka," na ce masa.

Na shiga gari, ofishin filaye. Wata mai gilashi ta shimfiɗa taswira, ta ce babu hanya a nan. Na ce ban iya karatu ba, amma kowa a ƙauyenmu ya san inda aka bi da gawa ya zama hanyar jama'a, kuma gawar da aka ƙetare da ita a Áth na Bó ta fi gashin kanta yawa. Ta ce doka ba ta san wannan ba, in kawo shaida a rubuce.

Mutum ɗaya ya rage cikin waɗanda suka ƙetare mashigin da akwatin gawar mijina, tsoho Donncha mai gyaran katangar dutse. Na tarar da shi kwance, ƙirji na ƙugi. Ya ƙi sa hannu a takardar shaida, wai bai taɓa sa hannu a takardar da ta kawo alheri ba. Na zage shi son raina, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Wata biyar ban zauna ba. In je bakin ruwa, in girgiza ƙyauren, in dawo.

Da Donncha ya mutu, ashe ya bar wa 'yarsa wasiyya: a kai shi makabarta ta tsohuwar hanya, a kafaɗa, kuma Tadhg ya kasance cikin mutum shida masu ɗauka. A wurinmu ba a ƙin ɗaukar gawa, ba a kuma juyawa da ita baya.

Suka shiga ruwa da wandunan coci, suka tsaya cak a gaban ƙyauren. Mutane sun fi ɗari a bayansu. Fada, limamin cocinmu, ya dubi Tadhg kawai. Wuyan Tadhg ya yi ja. Akwati na kafaɗarsa, ya laluba aljihu da hannu ɗaya, ya miƙo mabuɗi baya ba tare da ya waiwaya ba.

Ni ce a bayansa. Na buɗe, suka wuce, na wurga kwaɗon da mabuɗin can cikin zurfi.

Bayan an rufe kabari Tadhg ya raɗa mini cewa zai sayi wani kwaɗon.

"Sayi," na ce. "Ni ce ta gaba, kuma na riga na faɗa wa Fada kai za ka riƙe akwatina ta wajen kai."