Ƙwaƙwalwar da Aka Yi wa Shafe

Leburorin da suka yi aiki da shi sun ce Sumul ba ya iya cin abinci a ɗakin da bangonsa ke da ƙuraje. Matarsa ta ce ranar da suka je duba mahaifinta a asibiti, tsagar silin ya tsaya kallo har aka tashi masu dubiya, ko jikin bai tambaya ba. Shi dai bai ga abin magana ba. Shekara talatin yana shafen bango, ba a taɓa kiransa gyara ba.

Autarsa ce ta zo da aikin makaranta. Malamar kimiyya ta ce kowa ya ƙera ƙwaƙwalwar mutum, wadda ta fi za a ajiye ta a kabad ɗin gilashi da sunan mai ita. Auta kuwa ba ta taɓa ganin sunanta a ko'ina ba sai a jerin masu makara. Kwana huɗu tana murza yumɓu siri-siri kamar tsutsa, tana nannaɗawa a kan dunƙulen takarda, ta tsaga shi gida biyu. Ranar Laraba ta ajiye a taga ya sha iska, ta fita neman fenti.

Sumul ya dawo da ragowar farin siminti a bokiti. Da ya ga abin, tausayi ya kama shi. Yarinya ta yi ƙoƙari, amma duk ramuka ne da kwazazzabai, ko bangon banɗaki bai yarda a bari haka ba. Ya ɗauko ƙaramin cokalinsa na gini, ya cike ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya toshe tsagar tsakiya, ya bi da jiƙaƙƙen soso.

Kafin Auta ta dawo siminti ya kama. Ta ɗaga, ta jujjuya, ta ajiye fentin a ƙasa ta shige ɗaki.

"Malam," in ji uwarta, "wannan ƙwan jimina ne, ko sanƙon yayanka?"

Ya ce mata mutanen gidan nan ba su san aiki ba.

Haka Auta ta kai shi makaranta, don babu lokacin sakewa. 'Yan aji suka sa mata suna Mai Ƙwai. Kwana biyu tana ajiye wa ubanta ruwan wanka ba tare da ta dube shi ba. Shi kuwa ya yanke cewa malamar ce ba ta da ido, don haka ya wanke hannu ya nufi makarantar ya yi mata bayani.

Malamar ta bar shi ya gama bayanin kwaɓi da bushewa a gaban yara arba'in. Sannan ta warware wani babban hoton ƙwaƙwalwa a allo. Ta ce waɗannan lanƙwashe-lanƙwashen su ke sa abu mai yawa ya shiga ɗan ƙoƙon kai, kuma mai santsi irin wadda ya shafe a cikin kan ɓera ake samunta. Ta ƙara da cewa Auta ta nuna mata aikin tun yana rabi, har ta share masa wuri a kabad.

Sumul ya matsa kusa da hoton. Wannan yamutsin ke nan yake yawo da shi a kansa shekara hamsin da biyar. Ya shafa ƙeya. A ƙasa-ƙasa ya tambayi malamar ko za a iya sakewa. Ta ce kabad a buɗe yake har Litinin, in mai aikin ta yarda, kuma ga ta can a bencin ƙarshe.

Auta tana zane a bangon littafinta, ba ta ɗago ba. Sumul ya cire hula, ya gyara murya sau biyu.

"Auta, naki daidai ne. Ni na ɓata miki. Ki yi haƙuri."