Askin Auta

Injin askin ya yi wata irin ƙara, ya feso hayaƙi, fitilun ɗakin otel ɗin suka ɗauke gaba ɗaya. Baba ya yar da shi yana yarfe hannu.

Auta ya shafa ƙeyarsa. Hanya ce guda fes, daga wuya har bayan kunne, sauran kan kuwa gashi cunkus.

"Baba, ka gama da ni. Yanzun nan motar jami'a za ta zo, kuma ni zan yi jawabi a madadin ɗalibai."

"Ai na sa adaftar da ka ba ni."

"Bakin filogi kawai take sauyawa. Injinka ƙaramar wuta yake sha, ka baro na'urar rage wutar da kake haɗa masa a gida."

"Da ka faɗa tun kafin ka miƙo kai."

Aski sana'ar Baba ce, da ita ya ɗauki nauyin karatun nan. Tun daga gida ya yi rantsuwa cewa ranar yaye ɗansa ba hannun da zai taɓa kan sai nasa, har ya sa Auta ya tara gashi. A cinya ya rungumo injin cikin jirgi. Askarsa kuwa tun a filin jirgi aka karɓe.

Inna ta yaye labule, hasken safiya ya shigo. Ta dubi ƙeyar, ta danne dariya.

"Hular yayen ba za ta rufe ba?"

"A tsakiyar kai take zama, Inna."

Baba ya naɗe hannun riga. "Miƙo min almakashin ɗinkinki, da matajinki."

"Na yanke zare ne fa, Malam."

"Kafin wuta ta iso layinmu, da me kike gani ina ciyar da ke? Kai, juyo da kujera bakin taga."

Almakashi ya shiga ƙyas-ƙyas. Baba ya bi hanyar da injin ya buɗe, ya kwantar da gefenta, ya haura sama a hankali, mataji na ɗagowa, almakashi na bi, har aka rasa inda ɓarnar ta tsaya.

"Hannunka na rawa," in ji Inna.

"Idonki ne ke rawa."

Wayar Auta ta yi ƙara, mota ta iso. Baba ya hure masa wuya, ya juya shi gaban madubi. Auta ya duba dama, ya duba hagu. Ya ɗauki hular yayen, ya kai ta kai, sai ya fasa, ya riƙe ta a hannu.

"Sai na shiga zaure zan sa. Bari su fara ganin aikin babana."

Baba ya gyara tsayuwa yana goge almakashin da gefen riga.

Aka buga ƙofa da ƙarfi. Inna ta buɗe. Wata mata ce doguwa cikin farar rigar amare, gashinta jiƙe sharkaf, tana riƙe da na'urar busar da gashi da ɗaukewar wutar ta kashe mata a ɗakinta. Ta shaƙi ƙaurin, ta bi shi da ido har kan injin da ke ƙasa, sannan ta shigo ta mayar da ƙofar ta jingina da ita, ta tare musu hanyar fita.