Cutar da Malam Sadisu Ya Ɓoye

Malam Sadisu mutum ne mai faɗa, wannan kam kowa a kwalejin koyon sana'a ta Birnin Gwari zai shaide shi. Gyaran babur yake koyarwa, kuma jarrabawarsa iri ɗaya ce: zai kori ɗalibai waje, ya ɓoye wa babur wata cuta, sannan ya kira su ya ce, "To, likitoci, ga majinyacinku." Mafi muni a cikin cututtukansa ita ce ya karya waya a cikin rigarta, robar tana nan lafiya lau, babur ya tashi, ya yi tafiya kaɗan, ya mutu. Ɗalibi ɗaya tak ya taɓa gano ta, shi ne Micah ɗan Ladi, daga wajen Tabanni. Rufe ido yake yi ya bi wayar da yatsu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Amma Micah bahago ne, kuma yana da aibin da ya hana Malam sakat. In ya haɗa waya, hagu yake murɗa ta, ya bar ɗan wutsiya a waje.

"Kai Micah! Ɓera kake ɗaurewa ne da za ka bar masa bindi?"

Sai Micah ya yi dariya, gobe ya sake.

Da damina 'yan bindiga suka tare motar su Micah a hanyar gida, suka shiga daji da su. Wasu sun dawo, shi shiru. Tun daga nan duk ranar kasuwa Ladi sai ta biyo ta kwalejin, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin aiki da kwandonta a ka. "Malam, ko an ji wani abu?" Shi da bakinsa ba ya mutuwa, sai ya rasa ta cewa in ban da "Sai dai addu'a, Maman Micah."

A ranar kasuwar kuma ɗalibai ke gyara baburan mutanen gari don hannu ya faɗa. Wata rana da hantsi wani mutum ya shigo da babur marar lamba, jan laka har tanki, yana warin hayaƙin ɗanyen itace. Mutumin bai kwance rawanin da ya rufe bakinsa ba. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya koma gindin bango ya tsuguna. Ɗakin da kullum sai ƙarar guduma da surutu ya yi tsit, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Ba wanda ya tambaye shi daga ina.

Malam ya karɓi aikin da kansa, don ba zai sa ɗan wani a gaba ba. Yana buɗe murfin gefe sai ya ga wani haɗi. Waya ce murɗe ta hagu, da ɗan wutsiyarta a waje, jan ƙarfen sabo fil, ko dushewa bai yi ba.

La'ilaha illallahu! Yaron yana raye. Sun gane bakanike ne, sun riƙe shi yana yi musu gyara.

Ya canza abin da ya lalace, kayan da babu su a daji. Sannan ya ɗauki filaya ya datse wutsiyar, yadda ya saba yi a gaban Micah. Da la'asar ya ja Ladi gefe ya gaya mata. Matar nan ta sauke kwando, ta zauna a ƙasa, ta yi kuka har da shessheƙa.

Baburin ya sake dawowa bayan an yi girbi. Sabon haɗi, murɗin hagu, amma babu wutsiya, an datse shi tsaf. Malam ya juya baya ya share ido da hannun riga. Ɗan banza, sai da ka shiga daji za ka ji magana!

A zuwa na uku ne murna ta koma ciki. Haɗi biyu ya gani kusa da juna. Ɗaya na Micah ne. Ɗayan ma ta hagu aka murɗa shi, amma da hannun dama, a karkace, irin na mai kwaikwayo. Malami ai ba a ɓoye masa hannun ɗan koyo. Sun ba Micah ɗalibi a cikinsu. Kuma haɗin ba laifi, wannan ne abin tsoron. Ran da na gida ya iya, me za a yi da baƙo mai cin tuwo, wanda ya san hanya ya san fuskoki?

Malam ya saci kallon mai rawani. Yana nan a tsugune, idonsa a kan Malam, ko ƙiftawa ba ya yi. Tsoro ya kama Malam sosai, har gumi ya jiƙa masa baya. Duk da haka ya sunkuya ya kare da jikinsa, ya kama wata waya can ciki, ya lanƙwasa ta har ya ji ta karye a cikin rigarta. Baburin zai kai daji ya mutu. Ɗan koyo zai sha wahala ya kasa, Micah ya rufe ido ya gano, su kuma su san har yanzu ba su da kamarsa.

"Na ba shi jarrabawa," ya ce wa Ladi. "Wadda shi kaɗai ke ci."

Kasuwa ta ci, wata ta sake ci. Malam ya daina faɗa, abin har ya dami ɗalibai.

Ran nan da rana tsaka suka ji ƙarar taya a kan tsakuwa, babu kukan inji. Mai rawani ne, yana turo baburin da hannu, ƙura har gwiwa. Ya jingine shi a gaban Malam, kuma a karon farko ya yi magana mai tsawo.

"Malam, duba mana. Mai gyaranmu ya kwance shi kaf, bai ga komai ba."

"Mai gyaran naku," in ji Malam, "ba su biyu ba ne?"

"Ɗaya ne yanzu."

Malam ya zura hannu. Wayar tana nan yadda ya bar ta, ba wanda ya taɓa ta. Sauran haɗin duk sababbi ne, duk na hannun dama, babu na Micah ko ɗaya.

Bai ɗago ba, don ya riga ya ga inuwar kwando ta faɗo a bakin ƙofa.

"Malam," in ji Ladi, da fara'arta, "ya ci jarrabawar?"