Mai Jinyar Tsohuwa Odessa

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifiyarta, Darlene ba ta ƙara samun sukuni ba. Tana tuƙa motar 'yan makaranta a Toledo, amma hankalinta na gida, inda tsohuwa Odessa take kwance ita kaɗai. Gidan kula da tsofaffi kuwa ya fi ƙarfinta.

Ran Lahadi bayan coci, dattijo Alvin ya tare ta a bakin ƙofa.

"'Yata, kin rame kamar tsinke. Ba tare muka yi soja da marigayi babanki ba? Ai akwai tallafin da gwamnati ke ba matan tsofaffin sojoji su ɗauki mai jinya."

"Baba Alvin, shi ne ka yi gum tun tuni?"

"Ni ma a wurin aski na tsinta."

Ta yi ta zarya ofishin tsofaffin sojoji, yau a ce kawo wannan, gobe wancan, har sanyi ya wuce kafin a amince.

Ranar da mai jinya ta kama aiki, Darlene na sauke yara ta kira gida.

"Ke, ƙyale mu," in ji Odessa. "Kitso ake mini."