Kan da Aka Ce a Kwantar

…wai a kwantar mata da shi. A kwantar! Gashi ne ko mara lafiya? Auta, yarinya 'yar shekara bakwai, ƙafarta ko ƙasa ba ta taɓawa daga kujerar shagona, gwaggonta ta jawo ta da robar rilaksa a leda, man nan da ke cin gashi har ya miƙe, don malamar makaranta ta ce duk wadda za ta tsaya a layin gaba ranar hoto sai kanta ya kwanta luf. Na Auta wai yana tare fuskar na baya. To a matsar da na bayan mana! Kai ɗaya ne ya cika musu hoto?

Ni nake yi wa kan nan kitso tun tana tatata. Gashi baƙi wuluk, cunkus, mataji biyu ya karya mini ban ji haushi ba. In na tsefe shi sai ta miƙe gaban madubi tana kaɗa kai, tana cewa ta fi yayanta tsawo. Yau ko madubin ba ta kalla… hannu a cinya, ido a ƙasa.

Gwaggo kuwa sai danna waya take, ƙeyarta tal kamar bayan cokali, wannan man ne ya cinye, amma shi ta sayo wa 'yar ƙaninta. Uwar tana wurin aiki. Ta sani ma kuwa? Wa ya tambaye ta? Wa ya tambayi mai kan?

Raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci. Amma ga ni da safar hannu… yaushe na saka? Na shafa mata basilin a kunne da goshi, na buɗe robar, warin ya daki hancina. In na ƙi, shagon gaba za su je, can kuwa sai su lafta mata su bar ta tana ƙuna, su tafi hira. Gara hannuna. Haka nake ce wa kaina, gara hannuna.

Bari in tsaga… tsaya. Mene ne wannan?

Karce. Daga goshi har ƙeya, layi-layi, wani ya bushe, wani ɗanye da jini-jini. Ba ƙwarƙwata, ba amosani, kan nan tas na wanke shi da hannuna makon jiya. Farcenta… kalli ƙarƙashin farcenta.

Ta ji ni. A kan bencin can take zama tana jiran layi, kullum ina faɗa wa mata: in kin sosa kai ba na saka miki mai, zai shiga ciwon ya ƙone ki, je ki sai ya warke. Ashe tana naɗewa. Ta zauna ita kaɗai ta yi wa kanta wannan aika-aika, ba kuka, ba ƙorafi, don ta san in ta ce ba ta so ba mai jin ta. Malama, gwaggo… har ni da ke cika baki.

"Ba zai saku ba, kan da ciwo." Muryata ce wannan?

Auta ta ɗago. Ta cikin madubi take kallona, bakinta na so ya yi murmushi tana danne shi, yatsa ɗaya ya lallaɓa ya kama silin gashi yana murzawa.

Gwaggo ta ja tsaki, ta ce to yaushe zai warke ta dawo da ita.

Yaushe… Ciwon yaro ba ya daɗewa, na sani. Ita ma mai kan tana jira ta ji, don ta san ranar da za ta sake sa farce.

Me zan ce?