Kasa a Hanyar Ruwa

Bazarar nan kogin Haɗejiya ya janye ya bar yashi, sai rijiyar da Bakari ya haƙa a lambun bayan gidansu, gefen Auyo. Shi yana jan jigo yana zuba ruwa a hanya, matarsa Yakaka tana bi da fartanya, ta buɗe wa wannan fangali ya sha, ta toshe, ta wuce na gaba.

Ɗiyarsu Gumsu, wadda ta soma rarrafe, tana barci a tabarma ƙarƙashin rumfar kabewa, can ƙarshen hanyar ruwan. Nan kaɗai ke da sanyi.

Yakaka ta ɗago don share gumi, sai ta hangi kasa kwance cikin hanyar ruwan, kaurinta kamar taɓarya, tsakaninta da tabarmar bai fi taku biyu ba. Macijiyar nan ba ta gudun mutum. Amma in ruwa ya tashe ta tudu za ta nema, tudun kuwa tabarmar ce. Ga ruwa tafe.

Ta buɗe baki, ta rufe. In ta yi ihu yarinyar za ta farka ta rarrafo wajen muryar uwarta, ta kan kasar.

Dab da ƙafarta akwai fangalin irin barkono da suke reno don dashen damina, wanda sai da hannu ake yayyafa masa ruwa. Ta sare bakinsa. Ruwan ya karkata, ya kwantar da irin ƙasa.

"Ke Yakaka, irin kike shayarwa haka?" in ji Bakari daga bakin rijiya. "Ko rana ce ta taɓa ki?"

"Maigida, saki gugan nan. Ka rage murya."

"A lambuna zan rage murya?"

Gumsu ta motsa, ta miƙa hannu ɗaya waje da tabarma.

Yakaka ta ajiye fartanyar, ta zagaya ta cikin kuɓewa, taku ɗai-ɗai, idonta kan macijiyar, bakinta na motsi da addu'a. Ta ɓullo ta bayan rumfa, ta kama ƙafar yarinyar ta janyo ta, ta rungume.

Bakari ya iso da sauran faɗa a bakinsa. Ta nuna masa kasar da haɓa. Ya duba, ya sunkuya ya ɗauki fartanya.

Ita kuwa ta goya 'yarta ta tamke zani sosai, ta koma toshe bakin fangalin da hannu.