Jan Mai a Farin Hankici

Tun daga bakin get Auta ta ji abin da ke damun motar mahaifinta, amma ta kama bakinta. Baba ya taka totur, motar ta yi ɗan jinkiri, ta karkaɗa kamar mai jin sanyi, sannan ta miƙe.

Inna ce ta haɗa tafiyar. Ta sa an loda keken ɗinki da katifa za a kai wa Yaya sabon gidanta a can bayan gari, ta ce, "Auta, raka Babanki, kya kama masa kaya." Tana faɗa tana kallon wani waje.

Shekara ta zagayo tun da Auta ta gama karatun injiniyan motoci ta shiga gareji, Baba bai taɓa tambayar inda garejin yake ba. Ofis ya so mata, mai fanka da labule. Ranar da ta dawo da baƙin mai a farce ya daina ce mata "Uwata", sunan da yake kiranta da shi tun tana goye, don ta ci sunan mahaifiyarsa. Ta koma "ke". Da motarsa ta fara ciwo kuwa, makanikai ya bi layi-layi: wannan ya canza fulogi, wancan ya wanke injin. Kullum tana jin kukan motar daga ɗakinta, tana cije leɓe. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta roƙi a ba ta motar da ke kwana a ƙofar ɗakinta ba.

Sun bar cikin gari, rana ta ɗaga. Wani kuka siriri ya taso daga ƙasan motar, yana ƙaruwa da gudu. Auta ta saci kallon allurar injin: tana hawa, gudun motar bai bi ta ba. Baba ya ƙara wa rediyo murya.

A tsakiyar doguwar hawa motar ta saki jiki. Injin na ihu, tayoyi na rarrafe. Baba ya gangara gefe, ƙarƙashin wata bishiya, ya kashe.

Suka zauna. Manyan motoci na wucewa suna girgiza su. Shi yana gyara madubin da ba abin da ya same shi, ita ta harɗe hannu tana kallon awaki. Maganar na bakinta kamar ruwan zafi, ta haɗiye.

"Motocin yanzu," in ji Baba, da sitiyari yake magana. "Mutum ya yi ta jira giya ta shiga, shiru."

Ta ci gaba da kallon awakinta.

"Ke ba kya ji ne?"

"Ina ji, Baba. Na ɗauka da motar kake hira."

Ya yi gyaran murya. "To. Ke da aka ce kin karanta, me kika ji?"

Sai da ta ja numfashi, don kada muryarta ta tona ta. "Ba za ka ji ta shiga ba, ba irin giyar tsohuwar motarka ba ce. Wannan CVT ake ce mata. Bel ne na ƙarfe tsakanin fuli biyu, wato faya-fayai masu juyawa, ɗaya na buɗewa ɗaya na tsukewa. Idan ta yi zafi bel ɗin yana santsi, sai motar ta rage wa kanta ƙarfi don kada ta ƙone. Da safe ba ta mace maka a hanya, ko?"

"Ba ta yi."

"Sai ka yi nisa, ko ka ɗauki kaya."

Ya dube ta a karon farko. Ta fita ta ɗaga bonet, ta zaro sandar gwajin man giya. Ta laluba jakarta, babu tsumma. Kafin ta juya, Baba ya miƙo farin hankicinsa, wanda Inna ke goge masa kowace safiya.

"Zai ɓaci fa."

"Goge."

Ta goge. Jan mai ya bazu a farin ƙyalle, gefensa ya yi duhu. Ta sunsuna, ta miƙa masa. Ƙauri ya daki hancinsa.

"Wa ya canza maka man giya?"

"Wannan mai rumfar bayan tasha. Ya ce duk man giya ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Na wannan motar kore-kore ne, shi ke sa bel ya kama fuli. Wannan na giya mai hawa-hawa ne."

Baba ya juya hankicin a hannu. "Kenan ta mutu?"

"Ban sani ba tukuna." Ta so ta ce masa a'a, amma ba ta saba sayar da abin da ba ta gani ba. "Sai na haɗa kwamfuta, na kwance farantin ƙasa na duba maganaɗisun ciki. In gari ne mai laushi a jikinsa, mu wanke mu zuba nata, mu gwada. In ɓarɓashin ƙarfe ne, bel ya fara cin fuli. Duk hawan da ka ƙara yi da ita haka, kana kusantar na biyun."

"Katifar yayarki fa?"

"Ta kwana a tabarma, ba yau ta fara ba."

Dariya ta kuɓuce masa, ya mayar da ita tari. Suka jira motar ta huce. Ya ninke hankicin da jan man a ciki ya sa a aljihun gaba. Da ya tayar, bai fuskanci hawan ba. Ya juya kan motar gangare, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

A mararraba ta farko ya taka birki, ya tsaya yana duban hagu da dama.

"Uwata, ta ina ake bi zuwa garejin naku?"

Auta ta kafa ido a kan titi har sai da ƙwalla ta daina sa shi rawa a idonta.

"Miƙe, Baba. Kada ka matsa mata. In mun wuce gada zan nuna maka."